Mayafin Umma a Baranda

Ranar Litinin, ɗaya ga Fabrairun 2010, gari bai gama wayewa ba na lallaɓa barandar gidanmu da ke hawa na shida a wani lungu bayan titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou, na kwance farin mayafin Umma daga jikin ƙarfen da na ɗaure shi tun la'asar ɗin jiya. Shekarata goma a lokacin. Mayafin ya jiƙe kamar yadda aka yi mini alkawari, sai dai jiƙewar ɗigo-ɗigo ce mai launin ƙasa-ƙasa, ga maiƙo, ga wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Ban damu ba. Na ce a raina raɓar China ce, garin da hayaƙin motoci ya cika ba za a sa ran raɓarsa ta zo fara tas ba. Na ninke shi uku, na shiga ɗaki a kan yatsun ƙafa, na tarar Umma ta koma ta kishingiɗa bayan sallar asuba, hannunta dafe da kai kamar kullum. Na ɗora mata shi a goshi, na ja da baya ina jiran ciwon ya tafi. Ta buɗe ido, ta shaƙa sau ɗaya, ta sake shaƙa, sannan ta miƙe zaune da saurin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Sadiya, me kika ɗora mini?"

Kafin in faɗi abin da na ɗora mata, sai na faɗi yadda gidanmu yake. Abba yana harkar tura kaya ne, 'yan kasuwar Kano su sayi atamfa da takalma da wayoyi, shi kuma ya haɗa ya kai filin jirgin Baiyun. Umma tana girki a gida tana sayarwa, domin Bakano ko a wata duniyar ka kai shi, kwana uku ya yi yawa zai fara cigiyar tuwo da miyar kuka. Kicin ɗinmu bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, a nan take wuni cikin tururi. Aikina idan na taso daga makaranta shi ne wanke kuloli, da tsince shinkafa, da goge bango a watannin da iskar kudu ke juyowa har tayil ya riƙa gumi. Idan na samu sarari, ni da 'ya'yan wani Bazabarme da ke hawa na huɗu sai mu yi 'yar gala-gala a matattakala, mu zana da allin da na ɗauko a aji, mai shara ta zo ta goge tana faɗa da yaren da ba ma ji. Duk cikin wannan hidimar Umma tana fama da ciwon kai. Ba ta faɗa wa kowa, sai dai ka ga ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta jingina da firji na ɗan lokaci, ta ci gaba da tuƙi. Masu cin tuwo kuwa su ci, su yi gyatsa, su ce Allah ya yi albarka, miya ta yi gishiri kaɗan.

Makarantar da Abba ya sa ni ƙarama ce, ta 'ya'yan baƙi, ana koyarwa da Turanci. A nan na haɗu da Malama Orla, mai koya mana zane da waƙa, doguwar Baturiya 'yar ƙasar Ireland mai jan gashi. Ina son matar nan har yau, kuma har yau idan na tuna ta sai na ji kamar in kama kafaɗunta in girgiza. Ta taso daga ƙasar sanyi da ruwan sama, ta ɗauko lokutan shekarar kakanninta, waɗanda ta ce ana kiransu Kelt, ta kawo su garin da bai san da zamansu ba. A wajenta shekara tana da ƙofofi huɗu, kowace da al'adarta, kuma sai mun bi ta kowace ƙofa ko da Guangzhou ta ƙi. Za ta tsaya gaban taga ta ce, "Yara, ku ji, ƙasa tana shirin yin barci," alhali a waje zafi ake zubawa, bishiyoyi kore shar, ana fasa titi da inji. Mu kuma mu gyaɗa kai, domin idan tana magana idonta har ƙyalli yake, kuma ba a taɓa jin ta daka wa kowa tsawa ba. A gidanmu kuwa lokuta sun riga sun yi mana yawa: ga azumi da salla, ga baje kolin Pazhou sau biyu a shekara da ke cika mana falo da baƙi, ga sabuwar shekarar 'yan China da ake rufe masana'antu kowa ya haukace da neman a tura kayansa. Babu wanda ya aiki Malama Orla ta ƙaro mana nata.

Na farko, a farkon watan Mayu, ta fitar da mu filin makaranta da safe mu wanke fuska da raɓa, wai yana sa kyau. Ciyawar filin ta roba ce, ruwan da ke kanta kuwa mai gadi ne ya fesa da tiyo. Na dawo gida na ba da labari da murnata, Abba ya kalle ni ya ce alwala ba ta ishe ni ba ke nan. Na biyu, a ƙarshen Oktoba, ta sa muka fafe farin radish, wani dogon kayan lambu mai kama da ƙaton karas, muka yi masa ido da baki muka sa kyandir a ciki, ta ce a ƙasarsu a daren ne matattu ke kusanto masu rai. Na ajiye nawa a kan talabijin. Tsautsayi ya sa ranar akwai baƙi a falo, ciki har da wani Alhaji mai ƙaunar ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, wanda ya daɗe yana ce wa Abba renon 'ya mace a ƙasar da ba Islamiyya ganganci ne. Da suka tafi Abba ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce idan na sake shigo masa da wani abu irin wannan gida, zai mayar da ni Kano wajen yayarsa, Goggo Rabi, in zauna can. Na san Abba ba ya maimaita magana. Na kuma san Kano tana nufin rabuwa da Umma, tunda ita ba inda za ta.

Wata uku ina kiyayewa. Duk abin da muka yi a ajin zane, a kwandon sharar bakin ƙofar makaranta yake ƙarewa. Sai ranar Juma'ar ƙarshen Janairu, Malama Orla ta ce bazara ta kusa, ta raba mana robar zuƙar lemo, tunda ba a samun irin ciyawar fadamarsu a nan, ta koya mana saƙa wani ɗan gicciye mai hannu huɗu. Wannan ko a hannu ban riƙe shi ya daɗe ba, na san iyakata. Amma tana cikin saƙa ta ce kakarta takan shanya ƙyalle a waje a daren shiga Fabrairu, wata waliyyarsu ta wuce ta albarkace shi, raɓa ta sauka a kai, kuma duk shekara da ƙyallen ake maganin ciwon kai a gidansu. Maganar waliyya ta wuce ta bayan kunnena, ciwon kai kawai na ji. Na yi lissafi irin na yara: ƙyalle ba gunki ba ne, ba shigo da shi zan yi ba tunda na gida ne, shanya kuma kowa yana yi. Na zaɓi mayafin da Umma take salla da shi, saboda a ganina ya fi kowane tsarki, maganin zai fi kama shi.

Abin da ban yi ba shi ne ɗaga kai sama. A hawa na bakwai akwai wata tsohuwa da muke kira Ayi, mai kirki, takan ba ni lemon zaƙi a lif. Sabuwar shekararsu saura mako biyu, ita kuma kamar sauran mutanen garin ta jiƙa naman alade a ruwan waken suya da giya da sukari, ta rataye shi jere a barandarta ya sha iska. Daidai saitin mayafin Umma. Abin da ya kwana yana ɗiga ke nan, shi na ninke uku na ɗora wa mahaifiyata a goshi bayan ta idar da salla. Umma ta leƙa baranda, ta kalli sama, ta yi salati, ta shige banɗaki. Na ji ruwa yana zuba ya fi rabin awa. Abba ya fito da waya a kunne, ana masa ihu daga Kano a kan kayan da ba su tashi ba, ya kalli mayafin, ya kalli naman, ya kalle ni. Ayi ta sauko da kanta tana ba da haƙuri da hannu biyu, har da ledar lemo, ita da ba ta yi laifin komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na kusa tsira. Da aka tambaye ni, kuka ya hana ni bayani, sai Abba ya ɗauka shanya ce kawai ta yarinya marar hankali. Kwana biyu ya yi yana huci, a rana ta uku har ya fara ba wa baƙi labarin yana dariya. Ni ce da bakina na je na faɗa wa Malama Orla, don in ji ko maganin yana aiki idan an samu kuskure. Matar nan ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce laifinta ne, dole ta zo ta wanke ni a wajen iyayena. Na roƙe ta, na ce an riga an huce. Ta shafa kaina ta ce gaskiya ba ta taɓa ɓata abu.

Ranar Alhamis da yamma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta ci tuwo da hannu tana yabawa, har na ga Abba ya fara sakin fuska. Sannan ta buɗe jaka ta fito da ɗan gicciyen nan na roba, ta miƙa wa Umma da hannu biyu, ta ce a rataye a saman ƙofa yana kare gida daga gobara. Daga nan ta shiga bayani dalla-dalla, da zuciya ɗaya, yadda na shanya mayafin don waliyyar ta taɓa shi idan ta zo wucewa. Abba ya ajiye cokalin shayinsa. "Wace ce take wucewa ta barandata?" Da Hausa ya yi tambayar, kuma ni ya kalla, ni ce kuma aka bar wa aikin fassarawa. Ya raka ta har lif cikin mutunci, ya yi mata godiya, ya dawo ya kira ofishin jirgi.

Ban taɓa cewa Abba bai da hujja ba. Yau da na girma na san abin da ya tsorata shi, kuma da 'yata ce ta zo mini da zancen wata mai yawo tana albarkar tsumma, ni ma zan zaunar da ita. Haushina shi ne a cikin manya uku babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa yarinya ta rasa abin yi sai neman magani a baranda. Malama Orla tana kare al'adar kakarta, Abba yana kare gidansa, Umma kuma tana ninke mini kaya. Sai a Baiyun, an kira jirginmu, matar abokin Abba da za ta raka ni ta yi gaba, Umma ta durƙusa tana gyara mini igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ta ce a hankali, "Duk gidan nan ke kaɗai kika lura kaina yana ciwo." Na so in ce mata to me ya hana ta faɗi haka a gaban Abba, amma sai na ɗauki jakata na bi bayan matar.

Shekara bakwai na yi a gidan Goggo Rabi. Ta riƙe ni da kyau, na yi sauka, na gama sakandare, Umma tana zuwa sau ɗaya a shekara idan biza ta yi daidai. Na dage da karatu don in samu gurbin jami'a a Guangzhou in koma wajenta, kuma na samu. Sai dai kafin takarduna su fito harkar Abba ta ja baya, zaman ya gagara, suka tattara suka koma Kano. Wata biyu muka yi tare ana ta karɓar 'yan sannu da zuwa, sannan ni na hau jirgi. Yanzu ina nan ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, ita tana can, likita ya gano hawan jini ne tun tuni, tana shan magani. Muna waya idan ta idar da azahar, ni kuma ina shirin rufe ƙofa, ta tambaye ni ko na ci abinci, in tambaye ta kanta, kowa ya ce lafiya lau. Shekara goma kacal na zauna da uwata, kuma ban san ƙirga mini su ake yi ba.