Ranar da Muka Ɗauki Malam Iro a Kan Gado

Ko me zan manta a aikin nan, ban da wata Asabar cikin damina, shekarar da aka bar fam da sule aka koma Naira. Lokacin ina ƙaramin jagora a ofishin kula da baƙi na Zariya, kusa da Ƙofar Doka. Aikinmu raka baƙo ya ga ganuwa da marina, in yana da ƙarfin gwiwa mu kai shi Dutsen Kufena. Ƙa'idar ita ce baƙo ya cike fom, babban jagora ya sa hannu, a ba ka Landiroba da direba. In baƙo ya ko gurɗe, kai za a tuhuma.

Ran Alhamis wani dattijo ya shigo yana dogara sanduna biyu. Malam Iro sunansa, tsohon hedimasta daga Gusau, ya zo hutu wurin 'yarsa a Gyallesu. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana yaro.

Babban jagoranmu, Alhaji Ɗalhatu, ya dubi sandunan ya ce, "Malam, dutsen nan fa masu ƙafa biyu ma haki suke yi."

Malam ya ce, "Alhaji, shekara talatin ina ba yara labarin Kufena ban taɓa taka shi ba. In ban hau bana ba, sai yaushe?"

Alhaji ya sa hannu ya miƙo mini fom. "Garba, kai ne sarkin dabara. Ga naka."

Ni kuwa da rawar kai, ban tambayi Malam komai ba. Na aro gadon gwangwala, na nemo 'yan dako huɗu majiya ƙarfi daga kasuwa.

Ran Asabar mota ta tsaya a bakin wani rafi da ya cika, saura tafiya mai ɗan nisa ta cikin gonaki. Malam ya ƙare wa gadon kallo ya ce, "Garba, wannan fa ya yi mini kama da wani abu." Na ce, "Haba Malam, hau kawai." Ya hau ya miƙe, ya ja farin mayafinsa ya rufe fuska saboda rana, barci ya kwashe shi.

Ba mu yi nisa ba wani manomi ya ajiye fartanya, ya zo ya karɓi kusurwa ɗaya bai ce uffan ba. Can wani ya karɓe shi. Kun san al'adarmu: wanda ya ga an ɗauko makara, karɓa yake don neman lada, kuma ba a surutu. 'Yan dakona sun gane sarai, amma ja'iran suka yi gum tunda hutu ya samu. Ni ina gaba ina cewa a raina, kai, mutanen ƙauyen nan akwai kirki!

Sai da muka iso mararraba na ga gado ya karkata hagu, hanyar maƙabarta, mutum wajen goma sha biyar na biye.

Na ce, "Ba nan ba! Dutse za mu hau!"

Wani tsoho, Baba Tanko, ya matso a hankali. "Ɗana, yi haƙuri. A kan dutse yaya za ku haƙa?"

Daidai nan Malam ya yaye mayafi ya ɗago kai. "Mun iso ne?"

Wayyo, ƙafa me na ci ban ba ki ba! Manoma suka watse, sai gero ke ta motsi. Allah ya so 'yan dako suka tare gadon kafin ya kife. Malam ya yi dariya har da hawaye, mutane suka riƙa leƙowa ɗaya-ɗaya suna salati, su ma suka fashe.

A gindin dutse dariyata ta ƙare. Gado ba ya hawa fa, ko kusa. Kunya ta kama ni, na ce mu koma.

Malam ya ce, "Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka. Mutum ɗaya ya ba ni kafaɗa ta hagu. Kada kowa ya ja mini hannu. Taku ashirin, mu huta. Inda ya yi tsayi zan zauna in ja da baya da hannuwana, wani ya ɗaga mini ƙafar."

Baba Tanko ya ce, "Mun ɗauke shi yana gawa, ma bar shi yana raye?" Manoman suka riƙa karɓa-karɓa. Hawan da nake yi cikin rabin awa, awa uku muka yi. Tafukan Malam suka saɓule, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya isa, ya harare ni na haɗiye.

Da muka kai sama ya ce, "Ku sake ni." Ya kafa sandunansa ya tsaya shi kaɗai, ga Zariya can shimfiɗe, ganuwa ta kewaye ta. Ya daɗe yana kallo. Wallahi ni na fara kuka.

Tun daga ranar, in aka ba ni baƙo mai lalura, ba na taɓa shi sai na ce, "Yaya ake taimakonka?" Ku ma sababbin jagorori, ku riƙa tambaya. Kun san dutsen, amma shi ya san ƙafarsa, ya fi ku daɗewa da ita.