Rijiya a Jikin Marina

Jama'a, yau kunya ta kashe ni da raina!

Kun san Baturen asibiti ya sa an rufe tsohuwar rijiyar unguwarmu. To, ɗazu mu masu kula da aikin gayya muka zauna a zaure, don tsai da inda za a haƙa sabuwa. Shugabanmu kuwa surukina ne, Malam Buhari, uban matata.

Ana shafa addu'a ya ce, "A haƙa ta ƙofar gidana."

Ƙofar gidansa fa! Jikin marina! Ruwan baba na rini za mu sha?

Sani Maƙeri ya zungure ni. "Kai ne gwanin haƙar rijiya, yi magana mana!"

In yi magana? In musa wa suruki a bainar jama'a? Ni da ko ido ba mu haɗawa! Na sunkuyar da kai.

Sai Liman ya ce, "Alhamdulillahi, masanin abin bai musa ba. Shi ke nan." Aka tashi!

Ina isa gida saƙon Malam Buhari ya iske ni: wai na kyauta, gobe da sassafe in zo in fara haƙa.

In kun ga haƙoran 'yan unguwarmu sun yi shuɗi, kada wanda ya tambaye ni!