Ranar da Filin Kalgo Ya Yi Tsit

Ko da zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye carbina, ba na jin zan manta da yammacin wata Asabar a Kalgo, lokacin ina kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a wata ƙaramar kwalejin horar da malamai da ke Gwandu. Yau ina gidan aurena a Kambaza, ina koyarwa a firamare, gwiwata ta dama ma ba ta yarda in yi tsalle ba. Amma duk sanda ranar ta faɗo mini a rai, sai in ji kamar yanzu abin ke faruwa.

Kwalejinmu ƙarama ce ƙwarai. Filin wasanmu wani tsohon siminti ne a bayan ajujuwa, duk ya tsattsage, ɗaya daga cikin kwandunan ma babu raga, zoben ƙarfe ne kawai. Da ƙaramin hijabi da dogon wando da riga mai dogon hannu muke wasa, bayan la'asar, idan rana ta ɗan yi sanyi. Kocinmu malamar motsa jiki ce, gajeriya mai kaifin murya, Malama kawai muke ce mata. A shekarar da nake ba ku labari, gwanayenmu duk sun kammala karatu sun tafi, har da doguwarmu wadda muke jingina da ita a ƙarƙashin kwando. Muka rage mu kaɗan, kuma babu doguwa ko ɗaya a cikinmu.

Kafin a buɗe kakar wasannin kwalejoji, akwai wani shirin wasanni a rediyo da yake bin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda ake sa ran za ta taka rawa da wadda za ta sha kashi. Muka taru a kan waya guda muna saurare. Mai sharhin ya yaba wa wannan, ya yaba wa waccan, da ya iso kanmu sai ya yi dariya ya ce, "Su kuwa 'yan Gwandu, bana sai dai mu ce Allah ya ba da ladan zuwa." Abin haushin shi ne, a ranmu mun san ba ƙarya ya yi ba.

Ashe shugaban kwalejinmu ma ya ji shirin. Ya kira Malama ya ce an gayyace mu wasan sada zumunta a Kalgo, da ƙungiyar wata babbar makaranta, kuma da kansa zai je ya gani. In ya ga abin kunya, to bana mu huta, a bar wa maza filin. Mu kuwa mun san irin wannan hutun. Filin da aka bar wa maza ba ya dawowa.

A cikin wannan hali ne wata sabuwar ɗaliba ta shigo rayuwarmu. 'Yar Dalijan ce, daga gidan makiyaya masu noma, siririya, ba ta fi ni tsawo ba. Kurma ce. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama, sai ta yi karatu a makarantar kurame, ta iya karanta leɓe, ta iya maganar hannu. Kullum tana zaune a gindin dogonyaro tana kallon atisayenmu, mu kuma ba mu taɓa kula ta ba. Ranar da ba mu cika a raba mu gida biyu ba, Malama ta yafito ta da hannu don kawai ta cike gurbi.

Ƙwallon farko da ta jefo mini a fuska ya same ni. Na dafe hanci ina shirin masifa, sai Malama ta ce, "Ba laifinta ba ne. Inda ya kamata hannunki ya kasance ta jefa." Muka ci gaba, sai muka ga abin da ya ɗaure mana kai. Yarinyar nan ba ta jefa ƙwallo inda kike, sai inda za ki isa. Kafin ki san kin kuɓuce wa mai tsaronki, ita ta riga ta sani. Daga baya ta rubuta mana a waya cewa a makarantarsu ta dā ta yi wasan shekara da shekaru.

Sai dai akwai matsala. Mu da baki muke wasa. "Ba ni!" "Bayanki!" "Jefa!" Ita kuwa ba ta jin ko ɗaya, ba ta kuma jin usur. Wata daga cikinmu ta gaji ta ce, "Malama, don Allah mi za mu yi da wadda ba ta jin usur?"

Malama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ku da kuke ji, mi kunka yi da shi?"

Daga ranar ta kafa doka: duk wadda ta buɗe baki a fili sai ta zagaye shi da gudu. Ni da Allah ya hore wa surutu, ni na fi kowa shan gudu. A hankali 'yar Dalijan ta koya mana alamu. Dunƙule hannu na nufin a tsaya a tare hanya, taɓa kafaɗa na nufin ki zagayo ta bayana, yatsu biyu a ido na nufin ki dube ni. Da farko dariya muke yi, muna ruɗewa, muna karo da juna. Kafin ranar tafiya mun fara fahimtar juna da kallo kawai, amma ko a mafarki ban ɗauka hakan zai yi mana wani amfani ba, ban da dai ta samu ta shiga cikinmu.

Ranar Asabar ɗin muka shiga motar kwaleji bayan azahar. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dammuna jingine a gonaki a gefen hanya. Da muka isa Kalgo sai na ga filinsu. Fili sumul, an shafa masa fenti, 'yan wasansu dogaye cikin riguna iri ɗaya, ga ɗalibai sun kewaye ko'ina. Wasu sun zo da kalangu, wasu da jarkoki da gwangwanaye da sanduna. Ana jefa ƙwallo sama suka saki kiɗa da ihu, irin wanda kike ji har cikin haƙoranki.

Nan da nan suka yi mana nisa. Ina hango Malama a gefe bakinta yana motsi, jijiyar wuyanta ta tashi, amma ko kalma ɗaya ba ta iso mu. Sai kuma abin da muke tsoro ya faru. Alƙalin wasa ya busa usur, kowa ya tsaya, ita kuwa 'yar Dalijan ta ci gaba da gudu da ƙwallo ita kaɗai, ta je ta zura a kwando. Filin ya fashe da dariya. Wasu na ihu, "Ke, ba ki da kunne ne?" Ba da mugunta suka faɗa ba, ba su sani ba ne. Alƙalin ya nufo ta a fusace, na sha gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba ta ji ne. Kurma ce." Mutumin ya yi turus. Ya ce, "Subhanallahi. To daga yanzu in na busa zan ɗaga hannu." Kyaftin ɗinsu, wata doguwa baƙa, tana tsaye kusa da mu, ta ji duk abin da na faɗa.

Na juya na dubi yarinyar. Ba ta ji dariyar ba, amma ta gan ta, don ita dariya ba sai da kunne ake gane ta ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta fita. Sai ta gyara hijabinta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga yatsu biyu ta nuna idanunta.

Abin da ya biyo baya, har yau ban san yadda zan kwatanta shi ba. Hayaniyar da aka tanada don ta ruɗa mu, su ma ta hana su jin juna, domin su da baki suke kiran ƙwallo. Mu kuwa muka zuba mata ido. Ta taɓa kafaɗa, na zagaya ta bayanta, sai ga ƙwallo a hannuna ba tare da ta ko waiwayo ba, ga kwando a gabana babu kowa. Ta dunƙule hannu, biyu daga cikinmu suka tare hanya, ta sulale tsakanin dogayen nan kamar kifi a ruwa. In suna da ƙwallo kuwa, ba ƙwallon take kallo ba, ƙugunsu da idanunsu take kallo, kafin mai jefawa ta saki ta riga ta shiga tsakani ta ɗauke. Ina cikin filin, ina haki, gumi na shiga idona, amma wani lokacin sai in ji kamar in tsaya in yi kallo kawai. Na ga mutum yana yin abin da aka halicce shi dominsa. Ratar da ke tsakaninmu ta yi ta raguwa har ta kusa rufewa.

Ana dab da tashi aka ture ta a ƙarƙashin kwando, ta faɗi, gwiwar wandonta ta yage, jini ya fito. Alƙali ya ba ta jifa biyu ba mai tare ta. Masu kalangu da jarkoki suka ruga bayan kwandon, suka haɗa duk ƙarfinsu. Ni da nake gefe sai da na toshe kunnuwana don ƙara. Ita kuwa ta tsaya a kan layi, ta buga ƙwallon a ƙasa a natse, ta ɗaga kai ta ga samari na ta dukan jarka suna tsalle, sai ta yi musu murmushi. Ta jefa na farko ya shiga. Ta jefa na biyu, ko zoben bai taɓa ba.

Kocinsu ya nemi ɗan hutu. A nan na ga kyaftin ɗinsu ta bar 'yan uwanta ta nufi wajen masu kiɗa. Ta nuna kunnenta, ta nuna yarinyar, ta faɗa musu wani abu. Mai kalangu ya sauke gangarsa. Na kusa da shi ya ajiye sanda. Maganar ta riƙa tafiya daga baki zuwa baki, ƙarar tana mutuwa kamar wutar da aka yayyafa wa ruwa, har filin gaba ɗaya ya yi tsit.

A cikin wannan shirun muka ƙarasa wasan. Ba ka jin komai sai dukan ƙwallo a siminti, da ƙugin takalma, da numfashinmu, da kukan kurciya daga wata bishiya can nesa. Jama'a cike da fili, kowa tsaye, babu mai tari. Sai na ji kamar duk mun shiga ɗakinta ne, an ce mu cire takalma. Ban taɓa jin nauyin shiru irin na ranar ba.

Ba mu ci wasan ba. Doguwarsu ta zura na ƙarshe, suka tsira da ƙyar. Alƙali ya busa usur, ya ɗaga hannu, mutane suka fara tafi. Sai Malama ta fito tsakiyar fili, ta fuskanci jama'a, ta ɗaga hannuwanta biyu sama ta buɗe yatsu tana kaɗa su. Haka kurame ke tafi. Na kusa suka gane suka kwaikwaya, na bayansu suka bi, 'yan wasansu suka bi, har alƙalin da usur a baki. 'Yar Dalijan kuwa a lokacin ta sunkuya tana duba gwiwarta. Na dafa ta, ta ɗago.

Ta juya a hankali tana kallo. Ko'ina hannuwa ne a sama suna kaɗawa cikin hasken yamma, kamar ganyen dawa idan iska ta ratsa gona. Sai wani sauti ya fito daga bakinta, tsakanin dariya da kuka. Ranar na fara jin muryarta. Ta ja gefen hijabinta ta rufe fuska, mu kuma muka rungume ta, duk muna hawaye, har wadda ta taɓa tambayar me za a yi da ita.

Shugaban kwalejinmu ya ƙaraso, babbar rigarsa ta zame daga kafaɗa saboda shi ma hannuwansa na sama. Ya share ido ya ce, "Malama, wagga ɗiya taku... Allah mai iko. Litinin ki zo a yi musu rajista."

Mun buga kakar wasan. Mun ci wasu, an ci mu wasu, kofi bai zo Gwandu ba. Amma duk garin da muka je, sai mu tarar labarinta ya riga mu isa. Yanzu tana koyar da yara kurame, na kuma ji ta sa an kafa musu kwando a jikin wata bishiya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, Allah ba ya rufe wa bawa ƙofa ya bar shi a duhu, sai dai mu mutane mu kasa ganin tagar da ya buɗe masa, don mun tsaya muna ƙirga abin da ya rasa. Baiwar mutum kuma ba ta fitowa sai na kusa da shi sun yarda su rage surutu su koyi yarensa. Shi ya sa a ajina, in na ga yaron da ba ya magana, ba na saurin cewa ba ya ganewa. Nakan ja kujera in zauna kusa da shi, in yi shiru, in jira ya nuna mini inda zan duba.