Na'Allah, Direban da Ya Toshe Bakin Alhaji Saboda Zabon Dutse

Kafin ladanin unguwar Setapak, can ƙasar Malayawa, ya gyara murya, Malam Na'Allah ya riga ya wanke motarsa. Ya yi asuba, ya biya wurin mamak, wato mai shayin ƙasar, a ƙulla masa shayi da gurasar roti, sannan ya bi gida-gida yana kwasar mutanensa. Tsofaffi ne yawanci, Sinawa da Indiyawa da Malayawa, jefi-jefi Bature, kowa da madubin hangen nesa a wuya da kyamara mai baki kamar turmi. Sana'arsu kallon tsuntsu. Ba su kamawa, ba su ci, ba su sayarwa. Su kalla, su yi ajiyar zuciya, su koma gida. Su ne Na'Allah ya yi wa hidima tun gemunsa yana baƙi, ga shi yanzu ciwon baya zai mayar da shi gida Haɗeja. Bai kamata ya tafi ba a ce masa sannu ba.

Daga birni yakan nufi Kuala Kubu Bharu, ya wuce dam, sai hanya ta shiga nannaɗe dutse har Bukit Fraser, daji hagu da dama, bishiyoyi sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Duk inda ake tsayawa ya raɗa masa suna. Akwai Majalisa, inda wasu tsuntsaye ke taruwa da safe, kowa na magana ba mai sauraro. Akwai Gadar Cilakowa, inda manyan cilakowan ƙasar nan ke ratsawa, fukafukansu na huci kamar zugazugin maƙera. Akwai Kwanar Amai, wadda ba sai na yi bayani ba, leda dai tana bayan kowace kujera. A can sama kuma akwai lungun da ya kira Wurin Laifi. Ga dalili.

A gonar shinkafa Na'Allah ya tashi, kuma aikin farko da ya sani a duniya korar tsuntsu ne, da gwangwani da ihu. Zuwansa dutsen na farko, wani tsoho Basine mai suna Ankul Tan ne ya ɗauke shi shata, ba wanda ya yi masa bayanin komai. Sai ya ga tsohon ya durƙusa a bakin daji, ga wani tsuntsu mai kama da zabo yana leƙowa daga ciyawa, dab da ledar abincinsu. Na'Allah ya tafa hannu, ya buga ƙafa, ya saki "Haaa! Shiii!" irin wanda ake ji daga wannan gona zuwa waccan. Daji ya watse kaf.

Ankul Tan bai yi zagi ba. Zama ya yi a ƙasa ya cire tabarau.

"Nala, me ya sa, lah?"

"Ankul, rotinka zai ci."

Ashe tsuntsun nan ne tsohon ya daɗe yana nema. Matarsa ta taɓa ganinsa a wannan lungu daidai lokacin da shi ya sunkuya yana ɗaure takalmi, kuma har ta rasu tana yi masa gori.

Da wani ne, da ya koma ɗaukar ɗalibai ya huta. Na'Allah ya ce shi ya kori zabon dutse, shi zai dawo da shi. Sanin hanya bai ba shi wuya ba, shiru ne ya ba shi. Duk wanda ya san gaisuwar Na'Allah ya san sai ya tambayi gida, da gajiya, da kasuwa, da ruwa, har baƙon da ya tafi bara. In ya yi dariya a unguwar Danau Kota, a saman bene ake rufe taga. Wannan mutumin ne ya koyi rufe ƙofar mota kamar mai kwantar da jariri, ya koyi nuni da haɓa, ya bar turare a gida.

Kai ne, Na'Allah, ka iya cire matsattsaku daga ƙafar fasinja ba tare da shi ko kai wani ya yi ihu ba. Kai ne ka goyo wani Bature mai tumbi da ya gurɗe ƙafa tun daga rafi har bakin titi, kuma da dama suna cewa daga nan bayanka ya fara ƙorafi. Halimatu Sadiya mai tuwo a Setapak shaida ce: in ta ga ɗalibinmu ya daina cin abinci don kewar gida, kai take kira, ka sa shi a kujerar da ta rage, ya dawo da yamma yana neman ƙari. Direban masu shiru, angon kwana-kwana!

Shekaru suka tafi, zabo bai sake fitowa ba. Yanar ido ta fara rufe ganin Ankul Tan, 'ya'yansa suka ce hawa ɗaya ya rage masa. Na'Allah kuma an riga an sa ranar tafiyarsa. In ba a ga zabo a wannan karon ba, shi ke nan.

A ranar ne kuma Alhaji Ubale ya ce shi ma za shi. Dattijo ne mai shago a Chow Kit, aminin mahaifin Na'Allah, shi ya kawo shi ƙasar nan.

"Zan je in ga inda ka ƙarar da ƙuruciyarka."

"Baba Alhaji, wurin fa ba a magana."

"Kai ɗan nan, ni za ka koya wa kame baki?"

Ya zo cikin babbar riga fara sol, yana tashin ƙamshi. A Majalisa ya tambaya ko ana cin su. A Gadar Cilakowa ya tambaya wa zai harba. A Kwanar Amai ya ɗauki leda, ya ce laifin shayin ne. Da suka isa Wurin Laifi ya ɗauki buta ya zaga, Na'Allah ya gode wa Allah, ya zaunar da Ankul Tan, suka yi lamo. Gajimare ya sauko ya rufe su, ya ɗaga. Ciyawa ta motsa. Wani ɗan kai ya leƙo.

Daidai nan Alhaji ya dawo. Ga mutane a zaune, shi kuwa tun da yake bai taɓa isa wurin mutane ba sallama ba. Ya cika ƙirji.

"Salamu alai..."

Na'Allah, wanda bai taɓa gaishe da Alhaji a tsaye ba, ya zabura da bayan nan nasa mai ciwo, ya rungumo dattijon, ya toshe masa baki da tafin hannu. Hula ta faɗi. Alhaji na zare ido, buta na tsiyaya a kan takalminsa. Zabon ya tsaya, ya karkata kai kamar mai shawara, sannan ya tako fili a hankali, ya baje wutsiya mai ɗigo-ɗigo masu sheƙi. Ankul Tan ko kyamara bai ɗaga ba. Ya kalla, ya kalla, hawaye na bin kumatunsa, yana magana ƙasa-ƙasa da Sinanci. Ba da su yake ba.

Duk gangarowa Alhaji taga yake kallo, ya haɗe rai. A bakin dam Na'Allah ya tsayar da mota, ya zagayo, ya durƙusa a ƙofarsa.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu, Baba Alhaji. Barka da dawowa. Ya gajiya? Ya sanyi?"

"Sai yanzu?"

"Sai yanzu aka samu fili, Baba."

Alhaji ya kaɗe hularsa. "Ubanka ma bai taɓa kayar mini da hula ba. Kuma duk wannan fama, zabon ko miyar mutum biyu ba zai yi ba."

Ankul Tan ya miƙo roti daga baya, yana cewa a ci da yaren ƙasar. "Makan, Haji, makan." Alhaji ya harare shi, ya karɓa.

Mun gode, Na'Allah. Allah ya ba bayanka lafiya, ya kai ka gida cikin aminci. Ku kuma samarinmu na Setapak, da ke ɓata abu da safe ku sauya lambar waya da yamma, ku dubi wannan mutum: ihu ɗaya ya yi bisa kuskure, ya tsaya a kansa har gemu ya yi fari sai da ya gyara. Ku yi koyi da shi.

Mutanen Haɗeja kuwa, ga amana nan tafe. Ku tarbe shi, ku ba shi tabarma da fura. Amma don Allah kada wanda ya ba shi gadin shinkafa. Zama zai yi yana kallo, in mai gona ya buɗe baki zai yi ihu, ya san sauran.