Ankon da Gajere ya latsa mana

Gajere ɗan maƙwabciyata Dije ne, a nan Yalwa. Tun yana yaro ba ya ƙyale abu mai lafiya. Rediyon ubansa ya kwance wai don ta ƙara murya, ba ta sake magana ba har uban ya rasu. Ya girma, ya auri Fulera 'yar Fammar, ya buɗe shagon kwamfuta a bakin kasuwar Rano da wata tsohuwar na'ura da ya kwaso daga Kano.

Abin taƙamarsa shi ne bai sayi ƙwaƙwalwar na'urar ba. Wai wasu bayin Allah ne a ƙasashen duniya suke haɗa ta kyauta, har da abin da ke zana hoto a gilashin, kullum kuma suna aiko da sabon gyara. Na ce masa, "Ɗan nan, ni ko kunu aka aiko min, sai na ɗanɗana kafin na ba baƙo." Ya yi min dariyar masu boko.

Da bikin jikata Juwairiyya ya taso, mu matan dangi muka je shagonsa mu zaɓi anko a hotunan wani mai atamfa na Kano. Ashe da safen nan ya karɓi sabon gyaran. A da in ya murza linzamin na'urar, hotuna sulalewa suke kamar an shafa musu mai. Ranar kuwa sai su ƙame, can su yi tsalle kamar kwaɗo.

Na ce, "Gajere, azumi take yi ne?"

"Hajiya, sabon abu ne, yanzu za ta ware."

Muka tsaya a kan wata shuɗiya mai ganye. Na ɗora yatsa, ya kai hannu, hoton ya zille, ya latsa na ƙasa, ya aika wa mai atamfa. Bai duba ba, yana can yana yi mana wa'azin kyauta.

Kaya suka iso ruwan ƙasa, da manyan zakaru baki buɗe. Mai atamfa ya ce an riga an yanka, ba ya karɓa. Muka ɗauka a ka, muka jibge masa a ƙofar shago ranar kasuwa, muka sa ya ɗauki nauyinsu duka.

Daga nan ko mai son buga katin biki ya daina leƙa shi. Zakaru suka zama labulensa, zanin Fulera, rigunan 'ya'yansa. Yaran unguwa suna ganinsu sai su yi cara. Fulera ta jure har Sallah, sannan ta kwashe 'ya'yan ta koma Fammar.

Bayan kaka ya shigo gidana da sallama, fuska a washe.

"Hajiya, bayin Allahn nan sun gyara. Sun ce kuskurensu ne, har haƙuri suka bayar. Ki zo ki ga yadda take sulalewa."

Na dube shi, zakara biyu a ƙirji.

Na ce, "To madalla. Ka aika musu su biya Fammar su yi maka biko."