Ranar da Ɗija ta gaji a kan dutse mai aman wuta

Kafin mu ragwayen garin Fort Washington mu gama laluben silifas, Anti Ɗija ta kama hanyar asibiti. Haka ta yi shekara da shekaru tana kula da masu ciwon numfashi, har ta yi ritaya a watan nan.

Tana da wata ɗabi'a da 'ya'yanmu ke gudu: doguwar gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya aka ji da sanyi. Mun ɗauka surutu ne. Ashe ta san Bahaushe ko a bakin kabari "da sauƙi" zai ce, shi ya sa take barin amsar ta saurari numfashin da ya ɗauko ta.

Bara ƙungiyarmu ta Hausawan garin ta je yawon buɗe ido Hawai, tsibirin da dutsensa ke aman wuta. Mai wannan rubutu ne ya kawo shawarar, shi da matakalar ofis ke kayarwa. Muna tafe a kan baƙin dutse, iska ta juyo da hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A cikinmu akwai dattijonmu Alhaji Mu'awiya, mai asma, wanda ya bar maganin shaƙarsa a mota don kada a gan shi da shi. Jagoranmu, wani Desmond, ya tambaye shi ko lafiya. Alhaji ya ɗaga babban yatsa.

Sai Ɗija ta matso.

"Baba, ya hanya?"

"Lafiya... lau."

"Ya ƙafa?"

"Alhamdu..." Sauran bai fito ba.

Ta san idan ta ce ya koma a gaban jama'a, zai gwammace ya faɗi a bakin ramin dutsen. Sai ta zauna daɓas, ta riƙe gwiwa.

"Baba, ƙafata ta ƙi. Ka taimaka ka raka ni mota, ba na bin waɗannan yaran."

"Ku matan zamani," in ji Alhaji da ƙyar, "ba ku... ci tuwo ba."

Ya miƙa mata hannu. Wanda ya duba da kyau ya san wa ke riƙe da wa. Ni ma na bi su, wai kariya, gaskiya kuwa huhuna ya gode. A mota ta miƙa masa maganin tana kallon taga, ta zauna har ƙirjinsa ya daina kuka.

Shekara guda Alhaji yana ba da labarin yadda ya ceto Ɗija daga dutse. Ba ta taɓa gyara masa ba. A walimar ritayarta a garin Sterling ya karɓi makirufo, muka gyara zama don jin labarin karo na ɗari.

"Yarinyar nan," ya ce, "da gwiwar dama ta fara ɗingishi, ta ƙarasa da ta hagu. Tun a can na gani."

Ɗija, ke ce mai ceton rai ba tare da kin tuɓe wa mutum hula ba. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Mu kuma da muka rage, idan mun gaida dattijo ya ce lafiya lau, kada mu yi saurin wucewa. Mu ƙara masa tambaya ɗaya.