Ranar da Arzika Ya Naɗa Hagu

A Bunguɗu aka haifi Arzika, 'yan shekaru kafin Turawa su iso ƙasar. Gidansu gidan mahauta ne, kuma dambe gadonsu ne kamar fawa. Da damina a yi noma, ranar kasuwa a yi yanka, idan amfanin gona ya shiga rumbu kuma a naɗa zare a hannu a bi garuruwa.

Tun yana ƙarami mahaifinsa ya naɗa masa tsumma a hannun dama, ya tsayar da shi gaban taikin gero, ya ce ya yi ta duka. Sa'o'insa suna langa a dandali, shi yana fama da taiki. Bayan ya girma, in aka tambaye shi ko yana jin haushin tsohon, sai ya girgiza kai ya ce, "Abin da ya sani ya koya mini. Wasa kaɗai na rasa, don ban taɓa ɗaga hannu saboda nishaɗi ba."

Da tsohon zai rasu bai bar masa dukiya ba, sai take. Kowane ɗan dambe da takensa, wato kiɗan kalangun da in an buga ya san shi ake kira cikin fage. Nasu kuwa tun daga kakansa yake, kuma abin alfaharin gidan shi ne ba a taɓa kaɗa shi mai shi yana wurin ya ƙi fitowa ba.

Arzika ya riƙe wannan amana. Daga Gusau zuwa Ruwan Ɓore har Tsafe an san hannun damansa, yakan kuma dawo gida da riguna da awaki. Amma bai taɓa ɗaukar abin da girma ba. Yakan ce dambe aiki ne kamar huɗa, in ka gama ka wanke hannu ka koma wurin iyalinka. Matarsa Saude ce take kaɗa masa zaren naɗi kowace kaka, da audugar gonarsu.

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, hannun daman nan ya karye a wani dambe. Maɗori ya ɗora shi, sa'an nan ya faɗa masa gaskiya: "Ƙashin ya kama, amma da ƙyar. In ka sake dukan mutum da shi, ba kai ba fartanya, ba kai ba wuƙa. Ko lomar tuwo sai an ba ka a baki."

A kakar da ta biyo baya Saude tana da tsohon ciki. Zaren da ta riga ta kaɗa sai ta ɓoye shi cikin tulu. Ranar da Arzika zai tafi kasuwar Bilbis sayen sa, ta raka shi har zaure.

"Maigida, sa za ka saya, ba suna ba."

"Ko kallon fagen ba zan yi ba."

"Ai ba idonka nake tsoro ba," in ji ta. "Kunnenka."

Ya sayi sansa da la'asar, ya kama hanyar gida ta bayan fage. Sai dai tsohon makaɗin mahaifinsa, Baba Lukuman, yana wurin, kuma labarin abin da maɗori ya ce bai kai gare shi ba. Da ya hango Arzika, murna ta kama shi, ya matse kalangu ya saki taken gidansu. Jama'a suka dare. A tsakiyar fage wani saurayi ne tsaye, Ɗan Tambaya, wanda tun farkon kaka ba a kai shi ƙasa ba.

Arzika ya tsaya da igiyar sa a hannu. In ya wuce, taken kakansa ya mutu a kansa. In ya yi duka, jaririn da ke tafe zai tarar da uban da ba ya iya riƙe fartanya. Kiɗan yana ta ƙara zafi. Can ya ɗaure san a kututture, ya tuɓe riga, ya ari zare, ya miƙa wa mai naɗi hannun hagu.

"Ka ruɗe ne?" in ji mai naɗi. "Wannan ai shi ne garkuwarka. Da me za ka kare fuska?"

"Naɗa dai."

Ya shiga fage, ya cusa hannun dama ta baya cikin ɗamararsa. Ɗan Tambaya ya ɓata rai.

"Baba, raina ni ka yi?"

"Ban raina ka ba, ɗana. Wancan hannun na iyali ne. Wannan ne naka, zo ka karɓa."

Ba a daɗe ba. Arzika ya sami saurayin sau ɗaya a haƙarƙari, har fage ya ɗauki sowa. Daga nan dukan Ɗan Tambaya ya sauka a gefen idonsa. Yana faɗuwa ya juya, kafaɗar hagu ta sha ƙasa, dama tana nan cikin ɗamara. An kashe shi ke nan, kamar yadda 'yan dambe ke cewa in an kai mutum ƙasa.

Da Baba Lukuman ya ji dalili, sai ya ajiye kalangu yana share hawaye.

"Don me ba ka aiko mini ba, ɗan nan?"

"Baba, kai ka kira, ni kuwa na amsa. Yanzu ka adana taken. In wani daga cikin 'ya'yana ya zo da ƙafarsa ya nema, ka kaɗa masa. In bai zo ba, kada ka kira shi."

Washegari ya isa gida da ido a kumbure. Saude ba ta dubi fuskar ba, hannun daman ta kama tana juyawa. Ya dunƙule shi, ya buɗe, ya ce ta kawo tuwo.

Zaren da ke cikin tulu aka kai wa masaƙi, ya saƙa majanyin da aka goya 'yarsu Kulu da shi. Arzika ya ci gaba da noma da fawa har tsufansa. Da yamma yakan zauna a bakin dandali yana kallon 'ya'yansa suna langa, in ɗaya ya faɗi ya fi kowa dariya.